BISHIYAR SARKIN SANYI

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina na yau, ina na yau", to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ni ma mutum ce, ina da miji ina da wanki. Wanda ya shigo yanzu ya nemi wuri ya zauna, ga inda aka kwana: Sarkin Sanyi, tsohon direban motar kifi, ya yi shekara da shekaru yana fama da bishiyar fulam guda ɗaya tal a lambunsu na gado da ke bayan gida. Fulam dai shi ne ɗan itacen nan ja mai duhu na ƙasashen sanyi, wanda ake gani a manyan kantuna. Baro-baro yake zuba mata ƙanƙara a gindi, ko fure ba ta taɓa yi ba. Sai ga shi a makon nan an wayi gari tana ɗauke da 'ya'ya. Wansa, Yaya Babba, ya zo ya gani, ya ci, ya ce a sare sauran itatuwan lambun kaf a maye su da fulam. Itatuwan nan kuwa matar Sarkin Sanyi ce, Tela, ta dasa su da hannunta.

*

Ba don tsafta Tela ta fito shara da sassafen nan ba. Ta san in ta zauna a ɗaki tana kallon mijinta yana kurɓar shayi hankali kwance, za ta faɗi maganar da sai an tara mata dangi. Shi ya sa ta zari tsintsiya ta yi bayan gida.

Yau ne masu injin sare itace za su zo. Ta yi roƙo, ta yi kuka, ta yi fushin kwana biyu ba gaisuwa, duk amsa ɗaya take samu: "Yaya ya riga ya yanke magana." Sai ka ce Yayan ne ya yi ta jigilar ruwa a bokiti lokacin da rijiya ta ƙafe.

Ta share gindin rumman, ta share na gwaiba, ta wuce tsada da magaryar nan mai aure da ke yin 'ya'ya manya kamar ƙwan kaza. Kowacce ta yi nauyi, reshe har yana taɓa ƙasa. Ba ta taɓa sayen ƙanƙara saboda ko ɗaya a cikinsu ba. Ruwan wanke-wanke ma in ta watsa musu, godiya suke yi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ja tsaki ta ƙarasa kusurwar da gimbiyar take.

"Sannu da hutawa," ta ce wa bishiyar fulam ɗin. "Kin cinye min firiza, yanzu kuma za ki cinye min lambu."

Iskar da aka yi da asuba ta kaɗo ɗa guda, yana nan kwance cikin laka. Da farko ta so ta haɗa shi da shara don haushi. Sai kuma ta ce bari dai ta ɗanɗana abin da za a kashe mata itatuwa saboda shi. Ta sunkuya ta ɗauka, ta goge da gefen zani.

Fatarsa ta fara yamushewa, irin ta kayan da suka kwana biyu a kanti. A jikin ɗan karan da ke kansa kuwa akwai zare. Kore. An ƙulle shi tam, ƙulli biyu, ragowar tana reto.

Tela ta kawo shi kusa da ido, ta nesanta, ta sake kawowa. Ko cikin barci aka tashe ta ta san zaren nan. Shi ne wanda ta saya don ɗinkin kayan makarantar yaran maƙwabta, ya ɓace daga kan kekenta tun wancan makon. Ta zargi Auta, 'yarta, har yarinyar ta koma makaranta ba su shirya ba. Ta zargi ɓera, ta sa tarko.

Ta ɗaga kai sama. Daga ƙasa ba ka ganin komai sai ganye da jajayen 'ya'ya can ƙololuwa. Ta jawo tsanin da ke jingine da katanga, ta ɗaure zani, ta hau. Mace mai ciwon gwiwa, wadda hawa gado ma sai ta yi bismilla sau biyu, yau ga ta a kan tsani.

Na farko, zare. Na biyu, zare. Na uku ma har da sauran danƙon 'yar takardar nan da kanti ke mannawa. Duk wanda ta taɓa a ɗaure yake, an lulluɓe ƙullin da ganye.

Dariya ce ta fara kufce mata, har tsanin ya yi rawa ta rungume reshe. Kafin ta sauko dariyar ta koma wuta. Mai dashe ne, mutumin da ya sayar wa mijinta da bishiyar. Wa zai yi wannan in ba shi ba? Shi zai kawo dashen fulam cike da mota in an share lambun. Kuma wancan makon ya zo duba bishiyar, ya tsaya a barandar da kekenta yake ya sha ruwa, har tana ce masa ya ƙara. Ashe zarenta yake ƙare wa kallo.

Duk da haka wani sanyi ya ratsa ta. Itatuwanta sun tsira. Ta tsinko ɗaya da zarensa, ta sauko, ta haɗa da na ƙasan, ta yi cikin gida ko tsintsiyar ba ta waiwaya ba.

A ɗakin ajiya ta same shi, ya tura rabin jikinsa cikin firiza yana fito da ƙanƙara yana jerawa a baro. Firizar da aka saya da sunan za ta riƙa ajiye nama, rabonta da ganin nama an manta.

"Baban Auta, ajiye ƙanƙarar nan. An cuce ka."

"Wa kuma?" Bai ko fito da kansa ba.

"Mai dashe. Fito ka gani da idonka."

Ya fito yana goge hannu a riga. Ta buɗe tafinta a gaban fuskarsa.

"Ka gani? Zare ne. Ɗaura su aka yi. Na hau na duba, babu ko ɗaya da bishiyar nan ta haifa. Na kanti ne ya sayo ya rataya maka don ku saye dashensa. Yanzu ka kira Yaya tun bai taso da mutanen nan ba, daga nan ka wuce wurin macucin, in ba za ka iya ba ni in je."

Ta tsaya tana haki, tana jiran salati, ko ya dafe kai, ko ya nemi takalminsa. Sarkin Sanyi bai yi ko ɗaya ba. Ya dubi fulam ɗin, ya dubi ƙofa.

"Tura ƙofar nan," ya ce a hankali.

"Me?"

"Ki tura ƙofa na ce. Wa ya gan ki a kan tsanin?"

Ta dube shi tun daga hula har silifa. Mutumin da in aka ce akuya ta leƙa lambu sai unguwa ta ji muryarsa, yau an ce masa an yi masa wasa da hankali, abin da ya dame shi wa ya gani.

"Baban Auta."

"Na'am."

"Ina zarena?"

Ya sosa ƙeya. Ya gyara wata ƙanƙara a baro wadda ba abin da ya same ta.

"Yana cikin aljihun shuɗiyar rigata. Saura da yawa, ban ɓarnatar ba."

Ta nemi buhun gawayi ta zauna a kai.

"Ban ɓarnatar ba," ta maimaita. "Allah ya saka da alheri. Na gode da tattali."

"Ki saurare ni tukuna."

"Na yi wa Auta faɗa har ta yi kuka. Na sa wa ɓera tarko, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Yanzun nan na gama tsine wa mai dashe a zuciyata, sai na nemi gafararsa. Ashe ɓarawon yana kwance a gefena yana minshari."

"Ki rage murya, Maman Auta."

"Da girmanka. Da furfurarka. Ka hau tsani kana ƙulla wa bishiya 'ya'ya. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, taka ko furen ba ta tsaya yi ba."

"Kwana ɗaya na so," ya ce. Ya zauna a bakin baron, ruwan ƙanƙara yana jiƙa masa wando bai kula ba. "Kwana ɗaya kawai Yaya ya rufe bakinsa. Kina ji ai. Duk taron da aka yi, sai ya tambaye ni a gaban yara, ya jikin mai ciki, har yanzu ba ta sauka ba? Kowa ya kwashe da dariya. Sunan nan Sarkin Sanyi wa ya laƙa min? Shi ne. Yanzu jikokina ma ba su san sunana ba. Da ya ce wannan watan zai aiko a tumɓuke ta, na ce bari ya zo ya gani sau ɗaya, ya ci, ya ji kunya, ya tafi. Washegari in kwance abina in ce tsuntsaye sun cinye."

"Sai ya ji kunyar?"

"Ina fa. Yana cin na biyu ya fara lissafin motoci nawa za a riƙa lodawa."

"To da ya ce a sare lambu, bakinka ciwo yake?"

"Na ce masa a dakata a ga shekara mai zuwa. Ya ce jira ne ya hana ni arziki tun ina yaro. Kafin in ƙara magana ya ɗauki bidiyo ya tura wa dangi. Kin gani ai, har waɗanda ke ƙasar waje sun yi ta turo barka."

Ta gani mana. Ita ma har ta rubuta "Masha Allah" don kada a ce tana baƙin ciki. Tunawa da wannan ya ƙara tunzura ta.

"Kana kallo ina kuka a ɗakin nan. Kana kallo na daina cin abinci. Ka san 'ya'yan kanti ne, ka bar ni ina bin itatuwana ɗaya bayan ɗaya ina ban kwana da su kamar mahaukaciya."

"Ina ta neman dabara ne."

"Wace dabara?"

"Na ce ko in an dasa da yawa, wata a ciki za ta yi. Kin san abu in ya yi yawa..."

"Ba za ta yi ba." Ta buga tafi a cinya. "Ba za ta yi ba, Baban Auta. Tun ranar da ka kawo ta a leda, shi kansa mai dashen ya gaya maka ado kawai za ta yi. Ya ce bishiyar nan sai ta yi watanni cikin sanyi mai shiga ƙashi, ta zubar da ganye ta yi barci, sannan ta farka ta yi fure. Kuma rassan ne ke son sanyin. Kai kana ta jiƙa mata ƙafa da ƙanƙara, kanta yana cikin rana tana gasuwa. Garin da kwalta ke narkewa da azahar, a nan za ka yi mata sanyin watanni da baro?"

"Na ɗauki kifi daga bakin teku zuwa nan bai narke ba. Na san sanyi."

"Kifin matacce ne. Ita da ranta."

Ya gyara zama a bakin baron.

"Kuma abin da ya fi ƙona min rai," ta ci gaba, "me kake nema a fulam ɗin da babu a lambun nan? Zaƙi da ɗan tsami? Ga tsada nan, har zubewa take. Abin gatsa ka ji ƙaras? Ga magarya mai aure. Baƙin da suka zo bara, da ka jera musu ita a faranti, ba cewa suka yi daga wace ƙasa aka kawo ba? Ka yi ta washe baki, ba ka ce matata ce ta dasa ba. Abin da ƙasarka ta yarda da shi ka raina, ka je ka ɗauko wadda ba ta son ka, kana yi mata bauta."

"Ba za ki gane ba."

"Fahimtar da ni."

Ya goge fuska da tafin hannu, ya ce:

"Duk abin da ke gidan nan, in ba na gado ba ne, to Yaya ne ya yi, ko ke. Rufin nan shi ya sa. Motar da na tuƙa, shi ya nema min. Lambu kuwa kowa ya san hannunki ne. Bishiyar fulam ɗin nan ita kaɗai ce tawa. Na ce in na fito da abin da ba wanda ya taɓa fitarwa a garin nan, ko bayan raina za a ce wane ne ya fara."

Tausayinsa ya taso mata, ta ji haushin kanta da ya taso. Haka yake mata kullum. Sai ya yi abin da za a ɗaure shi, sannan ya yi wannan muryar, ita kuma ta narke.

"Na ji," ta ce. "Amma ba da rummanina za a rubuta sunanka ba. Ɗauki waya ka kira shi."

"In ce masa me?"

"Abin da ka gaya min."

"Yaya ne fa. Kin san shi. Har in mutu ba zai bar maganar nan ba. A kan kabarina ma sai ya ba da labarin."

"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Kira shi."

Ya laluba aljihu, ya fito da wayar, yana juya ta a hannu. Bai kai ga danna komai ba suka ji hon a ƙofar gida. Irin hon ɗin Yaya Babba, wanda ba ya ɗaga hannu sai an buɗe.

Sarkin Sanyi ya miƙe zumbur, wando a jiƙe.

"Zan gaya masa," ya ce da sauri. "Na yi miki alkawari. Ki bar ni in ja shi gefe, mu biyu. Kada ki sa baki, don girman Allah. Ki rufa min asiri a gaban mutane."

"Kafin a ta da inji."

"Kafin a ta da inji."

Ta ƙulle fulam biyun a bakin mayafinta ta bi bayansa.

Yaya Babba bai zo shi kaɗai ba, dama ba ya tafiya shi kaɗai. Ga masu inji su biyu, ga wani abokinsa mai kantin kayan marmari da ya ɗauko don ya ga abin al'ajabi. Maƙwabta kuma da suka ji mota sun fara leƙowa ta saman katanga. Ya shigo lambun yana ɗaga babbar riga kada ta taɓa laka, yana nuni da makullin mota.

Tela ta rusuna ta gaishe shi.

"Lafiya lau, Amarya," ya ce. 'Yarta ta fari tana da 'ya'ya uku, amma a bakinsa har yau Amarya ce. "Na ji an ce kina ta kuka saboda gwaiba. Ki kwantar da hankalinki. Nan da 'yan shekaru da mota za ki riƙa zuwa sayen gwaibar."

"Allah ya sa," ta ce, tana hararar mijinta ta gefen ido.

Sarkin Sanyi ya matsa kusa da wansa yana murza hannu.

"Yaya, da akwai 'yar magana. Ko za mu ɗan koma zaure?"

"Bari a fara aiki tukuna, mutanen nan suna da wani wurin." Ya dafa kafaɗarsa ya juya ga abokin nasa. "Ka gan shi nan. Shekaru ina yi masa dariya. Ni da bakina na ce masa mahaukaci. Yau ga shi a gaban jama'a ina cewa na janye. Ƙanena ya fi ni hangen nesa. Duk zuriyarmu ba a taɓa yin mai naci irinsa ba."

Tela ta ga fuskar mijinta ta canza. Maganar da ya yi shekara hamsin yana jira ce ta faɗo masa a ka, a gaban baƙo, a gaban maƙwabta. Idonsa har ya kawo ruwa. Nan take ta sha jinin jikinta.

"Baban Auta," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ina zuwa."

"Wace maganar ce?" Yaya Babba ya tambaya.

"A'a, dama... cewa zan yi ko a bar na bakin katanga, saboda inuwa."

"Inuwa ita ke hana fulam girma, kai ka gaya min. Ku fara da wannan."

Ya nuna rumman.

Mai injin ya ja igiya sau biyu, a na uku ya kama. Ƙarar ta cika lambun, tsuntsaye suka watse. Tela ta kafe mijinta da ido. Ya ɗaga hannu kamar zai tsayar da su, sai ya kai hannun kan hula ya gyara ta.

Rumman ba ta da kauri. Kafin Tela ta gama cewa innalillahi ta kwanta, 'ya'yanta suna farfashewa a ƙasa, jajayen ƙwayoyi sun watsu cikin laka. Daga gidan mahaifiyarta ta yanko reshen nan, shekarar da tsohuwar ta rasu, ta kawo shi naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Yanzu gidan ma an sayar, uwar bishiyar an daɗe da sarewa.

"Saura gwaiba," in ji Yaya Babba.

Mai injin ya taka rassan rumman ya nufi gwaibar. Sarkin Sanyi yana tsaye yana kallon silifansa.

"Kashe injin nan."

Ba ta san ta iya ɗaga murya haka ba. Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa yin magana a gaban Yaya Babba tana tsaye ba. Mai injin ya waiwayo, ya dubi mai babbar riga.

"Na ce ka kashe shi." Ta je ta tsaya tsakaninsa da gwaibar. Ya kashe.

Lambun ya yi tsit. Kawunan da ke saman katanga sun ƙaru.

"Amarya, lafiyarki kuwa?" Yaya Babba ya ce. "Kai, matarka ce wannan?"

Ta kwance bakin mayafi, ta miƙa masa fulam biyun a tafi.

"Yaya, ka yi haƙuri, ka duba karan."

Ya karɓa yana yamutsa fuska. Ya laluba tabarau ya saka. Abokin nasa ya leƙo ta kafaɗarsa, ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya juya shi.

"Ai wannan irin na kantina ne," ya ce. "Ga wurin takardar ma."

"Zaren mene ne wannan?" Muryar Yaya Babba ta yi ƙasa.

"Ɗaura su aka yi, Yaya. Duka na saman haka suke. Bishiyar ba ta haihu ba, kuma ba za ta haihu a garin nan ba. A tura wani ya hau ya gani."

Ba a tura kowa ba. Yaya Babba da kansa ya naɗe riga ya taka tsani hawa uku, ya jawo reshe, ya duba, ya sauko. Wani a saman katanga ya fara dariya, aka ce masa shiii. Wuyan Yaya Babba ya kumbura. Mutum ne da zai yafe maka asara, amma ba zai yafe a yi masa dariya ba.

"Na tura wa duniya bidiyo," ya ce. "Na ɗauko mutum tun daga kantinsa. Na tsaya a nan na yi wa yaro kirari. Wa ya yi min wannan?"

Tela ta juya ga mijinta. Ga dama ta zo har gida, kalma biyu ce kawai. Sarkin Sanyi ya yi tsuru-tsuru, gumi yana bin gemunsa, wandonsa a jiƙe ta baya. Ya tsufa a tsayen nan. Ta ga yadda gobe zai kasa fita masallaci, yadda yaran unguwa za su riƙa bin sa da zare a hannu. Haushinsa take ji kamar ta shaƙe shi, kuma ba za ta iya kallo a yi masa haka ba.

"Tambaya nake," in ji Yaya Babba. "Wa ya ɗaura?"

Ta buɗe baki da niyyar ta ce a tambayi ƙaninka.

"Ni ce," ta ji kanta ta faɗa.

"Ke?"

"Zaren ɗinkina ne, kowa ya san shi. Na gaji da ganin yana wahala ana yi masa dariya, na ce bari in faranta masa rai kwana ɗaya. Ban san abin zai kai nan ba. A yi haƙuri."

Salati ya tashi daga saman katanga. Wata maƙwabciya ta ce, "Oh ni, Tela da hankalinta." Tela ta sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage. Amma a ranta tana cewa ba komai, yanzu zai yi magana. Ya ga ta shiga wuta saboda shi, ba zai bar ta a ciki ba. Ko rabin laifin ne ai zai ɗauka, ya ce da saninsa aka yi.

Yaya Babba ya cire tabarau ya ninke a hankali. Ya juya ga ƙaninsa.

"Kai. Dube ni nan. Ka san da wannan?"

Sarkin Sanyi ya ɗago. Ya dubi wansa, ya dubi baƙon, ya dubi katanga. Ita kaɗai ce bai duba ba.

"Yanzu nake ji, Yaya."

Yaya Babba ya gyaɗa kai, ya jefar da fulam ɗin cikin laka, ya karkaɗa makullin motarsa.

"To. Amarya, shiga ki haɗa kayanki. Ni zan mayar da ke wurin danginki da kaina."